DT ɗina da baya tashi in yayi zafi

Asabar, 3 Fabrairu 2024

Na fara rubuta wannan ne saboda kaina ya fara ɗaukar zafi kamar moton, gara in dinga ajiye abinda nayi da ranar da nayi shi kar gobe in sake siyan abinda na riga na siya. Moto dai, wato babur a bakin 'yan uwanmu na Najeriya, Yamaha DT175 ne tsoho, inji mai tu-sitirok, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Na siye shi watan Nuwamba saboda zuwa gonar Kawu can bayan Ofinso inda kwalta ta ƙare, kuma wallahi a jar ƙasa da hawa ba abinda zance sai alhamdulillahi, yana ja kamar jaki ya ga gida.

Ciwon shi ɗaya. Da safe in na fito dashi daga zaure a Aboabo, nan Kumasi, na ja cok, kik ɗaya ko biyu ya tashi. Inyi tafiyar minti ashirin ko talatin lafiya lau ba tari ba shaƙewa. In na kashe na sake bugawa nan take, yana tashi. Amma in na kashe na barshi minti uku zuwa biyar, to shikenan, sai ka rantse ba inji a ciki. Sai ya huta kusan minti arba'in sannan ya tashi kamar bashi ba. In kuma aka tura shi a giya ta biyu yana kamawa.

Jiya abin ya isheni. Na tsaya shan mai a wani gidan mai wajen Krofrom, aka zuba, na biya, na hau na fara bugawa, na buga na buga har na daina ƙirgawa a ashirin da wani abu, masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, sun yi layi a bayana suna ta hon, zufa na bin hular kwano tana shiga min ido, yarinyar dake zuba mai tace in ja gefe don Allah. Na ja gefe na zauna bakin kwalbati kamar maraya. Wani yaro mai saida fiya wata ne ya tausaya ya tura ni.

Lahadi, 4 Fabrairu

Fulogi na fara dubawa tunda shi ne mai sauƙi. Na ciro shi baƙi ƙirin, jiƙe, har wani danƙo-danƙo a bakin. Kuma nasan dalili, laifina ne ni da Kawu. Ranar da na kai mishi moton ya gani yace kai yaro, irin wannan inji in baka zuba mishi tu-ti, wato man inji, a tankin fetur ba, fistin zai maƙale, su haka suke yi tun zamaninsu. Ni kuma na bi, duk shan mai sai in tsiyaya tu-ti a tanki da ido. Ashe famfon Autolube na moton yana nan da ranshi yana aiki, yana turo nashi man daga ƙaramin tankin dake gefe, kenan sau biyu nake bashi. Shi yasa hayaƙina yake korar sauron unguwa, maman yara har tace in daina tada shi kusa da shanya.

Na juye tankin kaf a galan, na zuba fetur zalla, na tabbatar tiyon famfo ba iska a ciki kuma man yana tafiya. Na sa sabon fulogi NGK B8ES, tazarar baki milimita 0.7. Wanda na cire B7ES ne, kuma a lissafin NGK ƙaramar lamba ita ce mai zafi, ina ganin mai moton na da ya sa shi ne don ya rage kama baƙi.

Hayaƙi ya ragu sosai. Na zaga Asawase na dawo na kashe a ƙofar gida, na sha ruwa, na fito. Bai tashi ba.

Laraba, 7 Fabrairu

Wani a bes ɗin ataya yace murfin tanki ne, in ƙofar iskar shi ta toshe mai baya sauka. Yau da ya ƙi tashi na buɗe murfin, ba wani fiii da naji, na cire tiyo daga kabureta mai na zuba shaaa. Ba nan bane.

Asabar, 10 Fabrairu

Yau Magazin, unguwar makanikai da masu saida kayan mota. Duk wanda ya san Suame Magazin ya san in baka da mutum a ciki zaka yini kana yawo tsakanin gawawwakin motoci da ƙarar guduma baka samu abinda kazo nema ba, to ni ina da Masta, ɗan zangonmu ne, fita ne, wato makanikin moto, tun ina makarantar allo yake wannan aiki. Na mishi bayani tun daga farko, bai ma bari na ƙarasa ba yace kabureta ce, tana ambaliya.

Kuma maganar shi da hujja. Yace in ka kashe inji da zafi baka rufe makullin mai ba, in allurar fulot bata toshewa da kyau, mai zai cigaba da tsiyaya ya cika kwanon ya gangara cikin inji, shi kuma tu-sitirok ba kamar sauran ba, mai da iska ta ƙasan fistin suke bi, cikin ɗakin kiranki, kafin su hau sama. To man sai ya kwanta a can ƙasa, zafi na dafa shi yana tururi, kana buga kik kana tura mishi abinda yafi ƙarfin wuta. Yace shi yasa in moto ya sha mai ba'a ja mishi cok, a rufe makullin mai ne a murɗe totur har ƙarshe a buga, iska ta wanke shi.

Yaron shi ya kwance kaburetan, Mikuni ce, ya zube kayan cikin a wani tsohon faranti. Masta ya ɗaga allurar sama wajen haske yace zo ka gani Malam. Gaskiya akwai zobe da ya ci a bakinta, wani siririn layi da ya zagaye tsinin, in ka bi da farce kana jin shi. Ƙasan kwanon kuma jar ƙura ce ta kwanta kamar garin yaji, ta hanyar gona ce da ta hunturu. Aka wanke, aka hura jet-jet da iska, aka sa sabuwar allura da mazauninta, aka daidaita fulot, aka wanke soson filta aka shafa mishi mai. Duk wannan ya ci awa ɗaya da wani abu. Masta ya hau, kik ɗaya, tararara. Ya kalleni yace ka gani? Nace na gani Masta, Allah ya ƙara basira.

Na biya na kamo hanya raina fes, har na tsaya a Tafo in sai wa yara wace, wato shinkafa da wake. Na fito da leda a hannu na buga. Na sake bugawa. Waken nan sai da ya huce a hannuna.

Talata, 13 Fabrairu

Abu ɗaya dai ya canza kuma ya kamata in rubuta: yanzu in ya ƙi tashi na ciro fulogi bayan bugu uku huɗu, ba jiƙe sharkaf yake ba kamar da, ɗan danshi ne kawai da kalar ƙasa-ƙasa. Kenan allurar nan da gaske ta lalace, an gyara ciwo ɗaya, amma ba shi ne babban ba. Na gwada dabarar totur har ƙarshe ma, ba ko tari.

Na lura na koma wani irin mutum. Duk inda zani yanzu ba inuwa nake nema in faka ba, gangara nake nema. Allah ya taimake ni Kumasi gari ne na tudu da kwari, na haddace duk wata gangara daga Manhyia zuwa Alabar, in na je wajen mutum sai in faka can nesa saman tudu in tako da ƙafa, ana tambayata ina moton ince yana hutawa. Gwiwata ta dama ta fara ƙara in zan yi sujada.

Asabar, 17 Fabrairu

Na koma wajen Masta. Bai ji daɗi ba, fita baya son aiki ya dawo mishi a gaban yara. Ya taka kik da hannu a hankali yana saurare sai yace ringi ne, matsi ya tafi. Yace duk injin da turawa ke tada shi kik baya tadawa, ringi zaka fara zargi, don da sanyi man da ya kwanta a jikin silinda yana da kauri yana toshe 'yar ƙofar da ta buɗe, da zafi kuma ya tsinke ya zama ruwa, matsin ya zurare, ƙafarka bata da saurin da zata cike giɓin amma taya tana dashi.

Nace a auna kafin a buɗe. Aka aiko yaro ya aro geji na auna matsi a wata rumfa, aka ɗaura a ramin fulogi, totur a buɗe, na buga har allura ta tsaya: 110. Ni a raina nace wannan ba lafiyayye bane amma kuma ba gawa bane, injin da ke da 110 ya kamata ya tashi. Masta yace Malam kai da geji, ni da kunne, shekara nawa. Nayi shiru, don ba'a musu da mai sifana a hannu.

An buɗe. Hed ya fita, silinda ta fita, kan fistin ya yi ɓawon baƙi kamar ƙanzon tukunya, ƙofar salansa ta toshe kusan kashi ɗaya cikin uku da gawayin man da na dinga ɗura mishi. Aka cire ringi aka saka shi cikin silinda aka tura da kan fistin ya daidaita, aka auna bakin: 0.9. Sabo bai kamata ya wuce rabin milimita ba. To nan kam Masta yayi gaskiya, ringi sun ci. Silindar tana kan asalin faɗinta 66, ba'a taɓa yanka ta ba, akwai 'yan layuka amma farce baya kamawa. Muka sa sabbin ringi da gaskit sama da ƙasa, aka kankare gawayin, yaro ya ƙona salansa da wuta ya bubbuga, abinda ya zubo daga ciki ya kusa cika gwangwanin madara.

Moton ya canza murya gaskiya, kik ɗin ma yanzu yana turo ƙafa. Matsi ya hau 130. Masta yace in bi shi a hankali kwana biyu kar in murɗe. Na dawo gida ban tsaya ko'ina ba, tsoro nake.

Litinin, 19 Fabrairu

Anloga Junction, ƙarfe biyu na rana, minti biyar a shagon siminti. Ya ƙi. Ban ma yi fushi ba, dariya ce ta kama ni.

Alhamis, 22 Fabrairu

Yau na gano abinda ya dinga yaudarar mu, kuma ba a jikin moton yake ba.

Akwai wani abokina a Sawaba mai irin moton, na roƙe shi ya bani aron CDI, ɗan akwatin da ke tara wuta ya sake ta zuwa fulogi, da kwayil na sama, wanda wayar fulogi ke fita daga jikinshi, in gwada. Na je gidanshi da zafin inji, na kashe, na jira, na buga ya ƙi, madalla ciwo ya zo. Muka cire sit, muka cire tanki, muka kwance nashi muka kwance nawa, muka ɗaura, ana yi ana hira har matar shi ta kawo mana fura. Na buga, kik ɗaya ya tashi. Abokina yayi tsalle yace CDI ne, gobe ka siya. Har na fara lissafin kuɗi sai na duba agogo, minti hamsin da kashewa. Na taɓa murfin injin, ɗumi ne kawai.

Nace tsaya. Na bar kayanshi a jiki na fita na zaga har wajen Airport Roundabout na dawo ta Dichemso, na kashe, minti biyar, na buga. Shiru. Da CDI ɗinshi da kwayil ɗinshi, waɗanda a moton shi basu taɓa bada matsala ba.

Kenan duk gyaran da aka yi, na kabureta da na ringi, kowanne yana cin sama da minti arba'in, kafin a gama moton ya huce da kanshi, sai a buga ya tashi ace an samu. Ko fentin tanki aka canza a wannan lokacin zai tashi. Masta bai taɓa ganin moton nan a cikin ciwon shi ba ko sau ɗaya, kullum mai lafiya yake dubawa. Ni ma da na tsaya ina kallo ban yi wannan tunanin ba sai yau, sati uku.

An dai wanke CDI da kwayil na sama daga zargi, ban kashe ko sidi ɗaya a kansu ba, furar ma kyauta.

Asabar, 24 Fabrairu

Ban je Magazin ba yau. Na shirya komai a ƙofar gida tun kafin in fita: sifanar fulogi, filaya, tsumma, da ƙanina da na hana shi zuwa ƙwallo. Dokar ita ce duk abinda za'a gwada a gwada shi cikin minti goma na farko.

Maganar wuta. Tun farkon abin nan na sha ciro fulogi in jingina shi da hed in buga in ga tartsatsi, sai ince wuta akwai. Wannan gwajin ƙarya ne ashe. A fili, inda ba matsi, ko wuta mai rauni tana iya tsallake 0.7, amma can ciki inda aka danne iska sai mai ƙarfi. Ma'aunin da Yamaha ke bayarwa shi ne wuta ta tsallake aƙalla milimita 6 a fili. To na ɗauki tsohon B7ES ɗin nan na kama ƙugiyar bakin da filaya na karye ta gaba ɗaya, ya zama sai wutar ta yi tsalle daga tsakiya zuwa gefen ƙarfe, na ɗaure shi da waya a jikin hed.

Da safe inji da sanyi: na buga, ƙanina ya durƙusa ya kare da tafin hannu yace Yaya shuɗiya ce, kuma ni kaina ina jin tas tas ɗinta daga sama. Na mayar da fulogi na tafi har Kenyase na dawo, na kashe, muka ƙirga minti biyar a waya, na ciro hular fulogi da tsumma na sa a na gwajin. Na buga. Yace ba komai. Na sake da duk ƙarfina har moton ya ɗaga, yace ya ga wata 'yar ja-ja sau ɗaya kamar ta ashana da ta jiƙe. Muka sa fulogi mai lafiya a fili, sai gata tana fitowa siririya rawaya, irin wadda da zan gani ince wuta akwai.

Na cire baƙar waya mai farin layi, ta makashin inji, ko wani wuri take taɓa ƙarfe in ta yi zafi. Ba canji.

Sai ƙanina ya kawo wata shawara ta yara wadda ta fi duk tawa. Yace Yaya tunda sanyi yake so mu bashi sanyi mana mu ga wajen da yake so. Ya ruga ya siyo fiya wata mai sanyi guda huɗu. Na hana shi zubawa a hed da silinda, wannan kam kar kowa ya gwada, ƙarfe mai zafi haka ruwan sanyi na iya lanƙwasa shi. Muka huda leda muka dinga tsiyayawa a hankali kan murfin hagu, inda maganeto yake, ruwan na sauka yana cuuu yana tururi, leda ɗaya, biyu, uku. Muka ɗan jira. Duka-duka minti goma sha biyu da kashewa, hed har yanzu ba ya taɓuwa. Na buga sau biyu ya tashi.

Na bashi ta huɗun ya sha.

Talata, 27 Fabrairu

Na aro mita wajen wani yaro mai gyaran waya a Adum, ya nuna min inda zan murɗa in auna om, wato juriyar waya. A bayan fulawil, ƙarfen nan mai maganaɗisu da ke juyawa cikin murfin hagu, akwai kwayil da ke haifar da wutar da CDI ke tarawa, akwai mai bashi alamar lokacin sakinta, akwai na fitila. Na bi wayoyin da suka fito daga murfin hagu na zare soket na auna na farkon.

Da sanyi mita ta nuna 340. Tagulla in ta yi zafi juriyarta hawa take, kusan kashi 4 cikin ɗari a duk digiri goma, don haka in inji ya gasu ya kamata in ga ɗari huɗu da wani abu. Na zaga na dawo na jira minti biyar na auna: 215. Sauka yayi. Na tsaya da mitar a jiki ina kallo kamar mai jiran haihuwa, lamba na rawa, 215, 230, ta koma 220, can bayan kusan rabin awa sai ta yi tsalle ta haye 360, na buga kik ya tashi.

Yadda na fahimce shi, wayar da aka naɗa siririya ce kamar gashi, kowace an shafe ta da banish don kar ta taɓa 'yar uwarta. Banish ya tsufa ya fashe, in zafi ya kumbura naɗin sai wasu zagaye su haɗe, wuta ta yanke hanya, kwayil ya zama rabin kwayil. Kuma ƙarfin wutar da yake bayarwa da saurin juyawar fulawil yake tafiya, in inji na gudu ko rabin ya isa, in ana turawa a giya ma ya isa da ƙyar, amma juyin da ƙafa ke bayarwa bai isa ba. Abinda ya daɗe yana ɗaure min kai, me yasa nan take yake tashi amma bayan minti biyar ya ƙi, shi ma ya warware: kana tafiya iska na bugun injin, kana tsayawa iska ta ɗauke, zafin silinda ya gangaro ya taru a murfin da ba ƙofa. Minti biyar bayan kashewa kwayil ɗin yafi zafi akan lokacin da kake gudu.

Asabar, 2 Maris

Na kai wa Masta labari da lambobi a takarda. Ya karɓa ya duba ya miƙo min yace to ai dama wuta ce ta rage. Nace haka ne Masta.

Wajen cire fulawil saura kaɗan ayi ɓarna, na juya in amsa waya na juyo naga yaron ya ɗaga guduma zai doki gefen. Nace kai ajiye! Duka na raunana maganaɗisu kuma yana iya taɓa kiranki, in je neman gira in rasa ido. Masta ya daka mishi tsawa ya jefo mishi abin ja, mai zare 27 ne kuma zaren hagu, yaron ya dinga murɗawa dama yana cewa baya shiga. Aka ɗaura daidai, ɗan murɗi kaɗan, ɓas, ya fito. Na ce a tsinci ɗan makullin nan mai kamar rabin wata a ajiye a aljihu kafin ya faɗa cikin ƙasar Magazin, don abinda ya faɗi a wannan baƙar ƙasa sai lahira. Kafin a kwance farantin kwayil Masta ya ja layi da tsinin sukundireba daga faranti zuwa jikin inji saboda taimin ya koma inda yake.

Ga shi nan kuwa. Kwayil na fitila jan tagulla ne fes, shi kuma wannan ya koma kalar ƙona-ƙonan gyaɗa, kyallen da aka naɗe shi dashi yana marmashewa a yatsa, warin shi kamar fanka ta ƙone. Bayan farantin kuma akwai danshin mai da ƙura, oyil sil na kiranki na wannan gefen ya fara tsatsa, muka ce tunda an buɗe a canza shi gaba ɗaya, in ba haka ba gaba iska zai dinga ja ta nan.

Muka je wajen wani dattijo ɗan Asante mai naɗin kwayil, rumfarshi cike da injin fanka da altaneta. Nace Wofa, wato kawu da Twi, ga aiki. Ya juya shi a hannu ya sa tabarau, da Twi da 'yar Hausar shi yace zai iya naɗawa amma irin wannan siririyar waya aikin haƙuri ce, kuɗin da zai caje ni gara in nemi hom yus, wato na hannu, na asali. Mutumin kirki, da wani ne ya karɓa. Akwai sababbi a kwali masu araha a shaguna, Masta yace shi baya saka su, ya sha ganin sun dawo kafin wata shida.

Mun samu a wata rumfa can ciki, faranti guda da aka ciro daga injin da ya fashe. Mai kayan ya so in biya in tafi, nace sai na auna. Da sanyi 350. Yace ka gani lafiya lau. Nace nawa ma da sanyi lafiya lau ne. Maƙwabcinshi na da janareto a kunne, na ɗora farantin kusa da salansar na barshi har ya zama ba ya riƙuwa sai da tsumma, na auna: 415, lamba a tsaye ba rawa. Mai kayan yana kallona kamar na zo da tsafi. Na biya.

An ɗaura, an bi layin da aka ja. Wannan karon na ƙi yarda da kik ɗin farko. Na fita na bi hanyar Ofinso har na wuce Afrancho na juyo, na dawo rumfar na kashe a gaban Masta, nace a bani kujera. Minti biyar. Yara sun bar aiki sun zagaye. Kik ɗaya.

Laraba, 6 Maris

Hutun 'yancin kai, na ɗauki ƙanina muka nufi tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 ne daga gari. Da gangan na dinga tsayawa a shimfiɗaɗɗen wuri inda ba gangara ba mai turawa: Atonsu minti biyar, kik ɗaya. Kuntanase muka sha koko minti goma, kik biyu. Gangarar Abono doguwa ce, na dinga kama kuloci ina ɗan murɗa totur lokaci-lokaci don tu-sitirok baya son doguwar gangara da totur a rufe. A bakin ruwa na kashe na barshi a rana tsaka minti bakwai, wanda da a ce watan jiya ne sai dai mu nemi masunta su tura mu hawan nan. Kik ɗaya. Mitar tana aljihuna, na auna don raina ya kwanta, 420.

Fulogi da muka dawo kalar toka-toka mai ɗan ja, bushe.

Asabar, 9 Maris

Sati ɗaya cur bai ƙi ba ko sau ɗaya, na je gona sau biyu. Silo, wato juyin inji in yana tsaye, ya ɗan sauka tun da aka canza oyil sil, na ƙara shi kaɗan na taɓa sukurun iska kwata. Na mayar wa yaron Adum mitar shi da kuɗin kati. Masta har yanzu in an tada zancen cewa yake ringi ne suka gyara shi, kwayil ƙarashe ne, ni dai bana cewa komai, tsohon kwayil ɗin na rataye shi a ƙusa a zaure.

Yanzu kuma da hayaniyar ta lafa na fara jin wani ƙas-ƙas siriri da safe kafin inji ya ɗumama, yana ɓacewa in ya yi zafi. Fistin ne ke lilo a silinda, na sani tun ranar da aka buɗe naga gefen shi ya goge. Sai an yanka silinda an sa fistin da ya fi wannan faɗi da 0.25 ko 0.50, ya danganta da abinda mai yanka ya auna. Azumi sati mai zuwa, kuɗin hannuna na sukari da gero ne, wannan sai bayan sallah. Kawu kuma ya aiko wai in kai mishi moton ranar Litinin zai ɗauko iri, na ce zan kawo amma galan ɗin tu-ti yana gida.